A Gaida Gwanayen Tantance Hoto

Cikin baiwar da Allah Ya yi wa ƙasar nan akwai wadda ba a cika gode mata ba. Kullum ana zancen man fetur da ƙasar noma da yawan jama'a, amma ba ka jin an ambaci gwanayenmu na tantance hoto. Su ne bayin Allahn nan da in aka yi zanga-zanga hoto ya fito, kafin ladan ya kira salla ta gaba sun gano na bogi ne. Ba su karanci abin a wata jami'a ba, ba su da ɗakin bincike, sau da yawa ma ba sa wahalar da kansu wajen buɗe hoton. Ɗan canji a Wapa, duk gogewarsa, sai ya karɓi takardar dala ya murza, ya ɗaga ta sama ya ƙura mata ido kafin ya ce jabu ce. Gwaninmu ya wuce wannan aji. Tambaya ɗaya yake yi: ran wa hoton nan zai ɓata? In na oga ne, shi ke nan, haɗi ne. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, amma ba su yi zamani da kakakin rundunar tsaro ba. Da sun yi, da sun san sanarwa kan kori gani har ta bi shi da jifa.

Don a san darajar wannan baiwa sai an dubi wahalar da marasa ita suke sha. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu, ga mutane cikin kakin soja sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, sun kai su gefen hanya sun harbe. Ministan sadarwar Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, wanda a wannan fanni ɗan'uwanmu ne na jini, bai ɓata lokaci ba ya ce labarin ƙarya ne. Wasu suka taya shi da cewa ai a Mali ma aka ɗauka. Sai ga ma'aikatan BBC da wasu masu bin diddigi a intanet, mutanen da ba su da abin yi, sun zauna makonni suna bin bidiyon daƙiƙa bayan daƙiƙa. Suka zana tsarin duwatsun da ke bayan mutanen, suka yi ta gwada shi da hotunan tauraron ɗan'adam har ya zauna daram kusa da ƙauyen Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa, daf da iyakarmu. Suka duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a kai ga ginawa ba, suka fitar da shekara. Suka auna inuwar sojojin, tsawonta da inda ta karkata, suka ce tsakanin 20 ga Maris ne da 5 ga Afrilun 2015. Suka bi samfurin bindiga da zanen kaki. Duk wannan ɗawainiya a kan abin da minista ya gama da shi a zama ɗaya! Ƙarshenta a 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma, abin da ke nuna cewa wani lokaci dutse da inuwa kan yi rashin ta-ido su saɓa wa minista. Shi ma dai Malam Issa, da ya koma adawa ya kara da Paul Biya a zaɓen 2025, magoya bayansa suka cika titunan Garwa da Douala, ina jin ra'ayinsa game da bidiyon waya ya ɗan yi laushi.

Mu dawo gida, inda fasahar ta kai maƙura. Daren Talata, 20 ga Oktoban 2020, shi ne daren da gwanayenmu suka yi saukar karatu. Matasa sun kwana da yawa suna zaman dirshan a tolget ɗin Lekki da ke Legas, suna kukan zaluncin 'yan sandan SARS. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa dokar hana fita daga ƙarfe huɗu na yamma, daga baya aka ce an ɗaga zuwa tara na dare. Da rana aka ga ma'aikata suna kwance wasu kyamarori daga jikin tolget ɗin. Da duhu ya shiga, fitilu suka ƙi kamawa. Wajen bakwai saura sojoji suka iso, aka fara jin harbi. Wata mai kiɗa, Obianuju Catherine Udeh, wadda aka fi sani da DJ Switch, ta kunna wayarta tana watsa abin kai tsaye a Instagram, dubban mutane suna kallo daga ko'ina a duniya: ihu, taken ƙasa, tuta, ga wasu sun haska fitilar waya suna ƙoƙarin ciro harsashi daga ƙafar wani.

Ƙaramin mai tantancewa, in ya ga haka, gwiwarsa sanyi za ta yi. Ban da namu. Nan da nan shafin rundunar soja na Twitter ya fara jero kanun labarai, kowanne an danna masa jan hatimi cewa ƙarya ne. Babu soja a wurin. Gwamna ya fito da safe ya ce ba a rasa rai ko ɗaya ba, can anjima aka samu guda a asibiti. Bayan mako guda rundunar ta tuna cewa e, sojoji sun je, amma gwamnatin Legas ce ta kira su. A Nuwamba Birgediya Janar Ahmed Taiwo ya gaya wa kwamitin bincike cewa lallai an yi harbi, amma sama aka yi, kuma da harsashin wofi, mai ƙara ba mai kisa ba. Da ya dawo mako na gaba sai ya ƙara haske cewa sojojin sun tafi da na gaske ma, don ko-ta-kwana. Marasa fahimta suna kiran wannan tufka da warwara. Ni kuwa tawali'u na gani irin na masana: ba a juye wa jahili ilimi lokaci guda, da kaɗan-kaɗan ake ba shi. Abin sha'awar shi ne a kowane mataki bidiyon yana nan a matsayinsa na ƙarya. Labarin hukuma ne kawai yake ta matsowa kusa da shi.

Kada kuma a manta da Lahadi, 25 ga Oktoba. Ministan ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, babban lauya kuma tsohon gwamna, ya kai ziyara wurin tare da gwamnoni da ministocin Kudu maso Yamma. Kwana biyar da faruwar abu, masu shara sun share, 'yan jarida sun zagaya, 'yan kallo sun yi ta safa da marwa, ba wanda ya ga komai. Minista na isa sai ga kyamara a ajiye tana jiransa. Ya sa hankici ya ɗauke ta, yadda ake yi a fim, ya miƙa wa gwamna. Ita ce kyamara ɗaya tilo a duk rikicin da hukuma ta karɓa hannu bibbiyu ba ta tambayi asalinta ba. Da aka tambayi minista daga baya inda ta kwana, ya ce shi dai ya miƙa, a tambayi Legas. Ita kuwa kyamarar tsaro ta kamfanin da ke kula da tolget ɗin, shugaban kamfanin ya shaida wa kwamiti cewa ba ta ɗaukar sauti, kuma wajen takwas na dare ta daina ɗauka saboda matsalar sadarwa. Kyamara mai tarbiyya ke nan, ta san lokacin da ake kawar da kai.

Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku-uku saboda sun nuna hotunan da ba a tantance ba. Maganinsu ke nan. Ga masu tantancewa zaune a ofis da albashinsu, wa ya ce su tsallake su? Sai CNN ta shigo da irin ɓata lokacin nan na baƙi. Ta tara bidiyoyi, ta duba sa'ar da kowace waya ta rubuta a cikin fayil da inda aka tsaya aka ɗauka, ta bi motocin soja tun fitowarsu daga barikin Bonny Camp, ta nuna wa masana kwanson harsasan da aka tsinta, suka ce ƙirar Sabiya ne, irin wanda sojan Najeriya ke amfani da shi. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya kira taron manema labarai ya warware matsalar da jimla guda: kisan kiyashi ne da babu gawa. Hujja ce mai ƙarfin gaske, musamman ga wanda bai taɓa jin cewa ana iya loda gawa a mota ba.

A Nuwamban 2021 kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi, wanda gwamnatin Legas ta kafa da hannunta, ya miƙa rahoto bayan shekara guda yana sauraron shaidu. Ya ce abin da ya faru ana iya kiransa kisan kiyashi. Ya jero sunaye 48, daga ciki 11 matattu, huɗu sun ɓace ana jin sun mutu. Ya ce sojoji sun hana motocin asibiti isa wurin, ya ce an yi wa faifan kyamarar nan mai tarbiyya kwaskwarima. Minista Lai Mohammed ya duba ya ce tatsuniya ce. Gwamnatin jiha ta fitar da farar takarda ta ce ba ta yarda da lissafin ba. Ashe ba hoto kaɗai suke tantancewa ba, har alƙali. A Yulin 2023 wata takarda ta ɓulla mai nuna an amince da kuɗin binne gawa 103 na rikicin wancan Oktoba. Gwamnati ta ce gaskiya ne, amma ko ɗaya ba daga tolget ba. Ka ji ƙwarewa: a lokacin da aka ce babu gawa an yi daidai, da gawa ta bayyana ma an yi daidai. Kotun ECOWAS ce dai ta kasa ganewa, a Yulin 2024 ta ce an take haƙƙin DJ Switch da wasu mata biyu, a biya su diyya.

Wannan a kan sahihanci ke nan. A wajen auna gwanintar mai ɗaukar hoto kuwa, nan ne basirar ta fi burge ni, don tarko biyu suka ɗana, kowanne yana gadin ɗan'uwansa. In hoto ya fito dishi-dishi, hannu na rawa, rabin allo ƙasa ce da takalma, sai a ce ai ba a ganin komai. Ina fuskar wanda ya yi harbin? Ina lambar motar? Me ya sa aka yanke daidai nan? Gaskiyarsu. Ɗan jarida na ƙwarai, in ana ruwan harsashi da barkonon tsohuwa, kamata ya yi ya kafa mariƙin kyamara a tsanake, ya roƙi soja ya ɗan matso wajen haske, ya ce wa wanda aka harba ya daure ya sake faɗuwa don ba a gama saiti ba. In kuwa hoton ya fito tar, haske ya zauna, fuska ta fito da duk abin da ke zuciya, sai a ce kai, wannan kyau ya yi yawa, shiri ne, an biya su. Mai duhu ba shaida ba ne, mai haske wasa ne. Tun da aka ɗana tarkon nan ban ga hoton da ya tsallake ba.

A gwada da hoton Alaa Salah, ɗalibar nan da ta hau kan mota kusa da hedikwatar sojan Sudan a Khartum ranar 8 ga Afrilun 2019, cikin farar laffaya da 'yan kunne masu ƙyalli, ta ɗaga yatsa sama tana bayarwa jama'a na amsawa. Wata mai suna Lana Haroun ce ta ɗauka da wayarta. Da a teburin gwanayenmu ya faɗo, da tuni an gama da shi. Wa ke zuwa zanga-zanga da fararen kaya? Wa ya ɗora ta kan motar? Nawa aka ba ta? Bayan kwana uku sojoji suka tuɓe Omar al-Bashir. Su janar-janar ɗin Sudan, da suka tarwatsa zaman dirshan ranar 3 ga Yuni, sai suka kashe intanet gaba ɗaya sama da wata guda. Aikin ƙarfi ne ba na basira ba, shi ya sa duk da haka BBC ta tattara bidiyo sama da 300 na wannan rana. Can Amurka kuma ga Darnella Frazier, 'yar shekara 17, ba 'yar jarida ba, ba katin aiki. Ranar 25 ga Mayun 2020 ta tsaya a bakin titi a Minneapolis ta riƙe waya, ɗan sanda na danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta ce wani mutum ne rashin lafiya ta taso masa ana cikin kama shi, ya rasu a asibiti. Sanarwa tsaf, da ni ne malami da na ba ta maki cikakke. Amma da yake can gwanaye sun yi ƙaranci, sai kotu ta biye wa wayar yarinya ta ɗaure Derek Chauvin shekara 22 da rabi, alƙalan Pulitzer kuma suka ƙara da ba ta lambar yabo a 2021. Ka ji ƙasar da ba ta san ƙa'ida ba.

Masu kyamarar da ma abin tausayi ne. Sam Nzima na jaridar The World yana Soweto ranar 16 ga Yunin 1976, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa 'yan makaranta wuta. Ya ga wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, ya sungumo Hector Pieterson ɗan shekara 12 jina-jina, yayar yaron na gudu a gefensu tana kururuwa. Ya ɗauka, ya zare fim ɗin ya cusa a safa, don ya san za a tare shi. Aka kuwa tare shi aka lalata sauran. Ladan da ya samu shi ne barazana, barin aiki, komawa ƙauye da ɗaurin talala. Shi kuma Mbuyisa ya tsere daga ƙasar, wasiƙarsa ta ƙarshe ga mahaifiyarsa daga nan Najeriya ta tashi a 1978. Peter Magubane ya taɓa ƙwaƙule cikin burodi ya ɓoye kyamara, yana yi kamar ci yake alhali ɗauka yake, ya kuma yi kwana 586 a kulle shi kaɗai a kurkuku. Charlie Cole, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki mutumin nan da ya tare jerin tankokin yaƙi a Beijing ranar 5 ga Yunin 1989, ya naɗe fim a leda ya ɓoye cikin tankin ruwan ban-ɗakin otal kafin jami'an tsaro su shigo. Su a tunaninsu gwaninta ita ce ka kasance a wurin, ka tsaya sa'ad da kowa ke gudu, ka san inda za ka sa ido, sannan ka fito da abin da ka ɗauka. Su ma 'yan sandan wariyar launin fata 'yan koyo ne. Sun ɗauka sai an kama fim ake kashe hoto, suna ta lalube, safa ta gagare su. Namu sun gano hanya mai araha. A bar hoton ya zaga duniya, a dai sa masa shakka, wanda abin ya faru a gabansa ma zai koma yana tambayar kansa ko gizo ido ya yi masa.

Ba wai sun watsar da gadon magabata ba ne, a'a, akwai girmama na gaba. Pelumi Onifade ɗan shekara 20 ne, yana koyon aiki a wata tashar intanet mai suna Gboah TV. Ranar 24 ga Oktoban 2020 yana ɗaukar hoton hargitsi a Agege, sanye da rigar da ke nuna ɗan jarida ne, jami'an tsaro suka tafi da shi. Bayan kwanaki danginsa suka same shi a ɗakin ajiye gawa a Ikorodu. Wanda aka tantance ta wannan hanya ba ya sake kawo hoton da za a yi gardama a kansa.

Kada mai karatu ya zaci kowane hoto gwanayen nan suke ƙaryatawa. Ina, suna da adalci. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar yunwa da tsadar rayuwa, hotuna sun fito daga Kano da Kaduna na matasa ɗauke da tutar Rasha. Wayoyin nan ne dai masu fasasshen gilashi, hannun nan ne dai mai rawa, ƙurar nan ce dai. Amma ikon Allah, ba wanda ya ce a kawo asalin fayil, ba wanda ya auna inuwa. Nan take hotunan suka inganta. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce cin amanar ƙasa ne. Aka bi teloli aka kama, aka haɗa da mutum bakwai 'yan ƙasar Poland daga Jami'ar Warsaw, shida cikinsu ɗalibai, da suka zo ziyarar karatu Jami'ar Bayero, sai ƙarshen wata aka sake su. Hotunan masu wawashe cibiyar fasaha ta NCC a Kano su ma aka ce sahihai ne, kuma sahihan ne, an yi ɓarnar, ba mai musu. Matsalar daga waya take. Wayar talaka takan faɗi gaskiya tsantsa in ta juya wajen mai ɗauke da kujerar sata, amma da ta waiwaya wajen mai bindiga sai ta fara sharara ƙarya. Da Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Neja da Borno, rundunar 'yan sanda ta binciki kanta da kanta, ta samu kanta fes, ta nemi a janye rahoton a ba ta haƙuri. Ƙungiyar CPJ mai kare 'yan jarida ta ƙirga sama da 50 da aka daka ko aka tsare ko aka tsangwama a kwanakin. A Kano 'yan daba ma sun ba da tasu gudummawar, suka farfasa motar Channels da ke ɗauke da 'yan jarida, don tantancewa ba aikin gwamnati kaɗai ba ne.

Sai dai kambun gwaninta na ranar 1 ga Nuwamban 2024 ne. Aka kawo mutum 76 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu yara da aka kwaso daga Arewa, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Kyamarori na kallo, huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Duk wanda ya ga bidiyon ya ga yadda suka rame, ya ga yadda suke wawar ɗan abin da aka miƙa musu. Wannan karon ba a ce haɗi ne ba, don a zauren kotu aka ɗauka. Sai fasaha ta hau mataki na gaba, aka bar hoton aka tantance mutanen da ke cikinsa. Lauyan gwamnati ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa ba yara ba ne, manya ne, akasarinsu ma magidanta. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce suman shiri ne, da gangan aka tsara shi. Tubarkalla! Yaran da suka iya ramewa da gangan, suka fito da ƙashin wuya bisa tsari, ai Kannywood ta yi asarar jarumai. Alƙali ya sa beli naira miliyan goma-goma. Bayan kwana uku Shugaba Tinubu, wanda da alama shi ma wasan ya ruɗe shi, ya ce a sake su. Washegari Mataimakinsa, Kashim Shettima, ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna a fadar gwamnati. Hotunan wannan biki kam, alhamdulillahi, ba a samu mai shakkarsu ba.

Zai zama butulci a yi wannan yabo ba a gaida masu ciyar da sana'ar ba, wato mu, 'yan tura-wa-mutum-goma. A makon Lekki wani hoto ya karaɗe duniya, saurayi ɗauke da budurwa lulluɓe da tutar Najeriya jina-jina. Wasan kwaikwayo ne da wasu matasa suka yi a Akwa Ibom don bikin cikar ƙasa shekara 60. Wanda ya fara liƙa masa sunan Lekki ya cancanci lambar girma ta ƙasa, don ya ba gwanayenmu abin da za su ɗaga sama duk ranar da aka kawo na gaske. Tsohuwar sana'a ce. Gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a garin Sange na Kwango a Yulin 2010 sun yi hidima a ƙasashe da dama: yau Kiristoci ne da Musulmi suka ƙona a Najeriya, gobe Musulmi ne da aka ƙona a Myanmar. Hoton limaman addinin Buda na Tibet suna aikin gawarwakin girgizar ƙasar Yushu ta 2010 ya sha zagaya wayoyi da sunan kisan Rohingya, ana turawa ana Allah-ya-isa, alhali 'yan Rohingya suna da isassun gawarwakinsu na gaske, ba sa bukatar aro. Neman asalin hoto a Google ko TinEye bai wuce minti biyu ba, amma wa ke da minti biyu alhali addini ko yanki na cikin haɗari? Ma'auninmu irin na oga ne, juya shi kawai muka yi: in hoto ya sosa mana inda ke ƙaiƙayi, sahihi ne ko daga wace duniya ya fito. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Instagram ma bai yarda a bar shi a baya ba, ya liƙa wa saƙonnin zanga-zangar EndSARS na gaske tambarin ƙarya, daga baya ya ce kuskuren na'ura ne, a yi haƙuri.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, kakar gwanayenmu ta yanke saƙa. Da sai an kira taron manema labarai, an sassaƙa jan hatimi. Yau ya isa ɗan data ya rubuta a ƙarƙashin hoto cewa kwamfuta ce ta zana, a wuce wurin. Kamfanoni irin su Leica da Sony da Adobe suna can suna fama da wani tsari na sa wa hoto sa-hannun ɓoye tun daga cikin kyamara, mai nuna inda ya fito da duk gyaran da aka yi masa. Leica ta fitar da kyamara mai yin haka tun 2023. A bar su su yi ta zubar da kuɗi. Wanda ya tantance alƙali da kwamitinta, ya tantance yaro ya mai da shi magidanci, sa-hannun kyamara ne zai gagare shi?

Ku kuma ƙannena masu yawo da kyamara da waya, in an sake fita titi ku zauna a gida ku adana caji. In kuwa taurin kai ya fitar da ku, to ku ɗauki mai gudu da kujera, ku ɗauki mai tutar Rasha, ku tabbata kun juya wa mai bindiga baya. Hotonku zai inganta tun kafin ku iso gida, ku ma kuma za ku iso gidan.